Safa Ƙafa Ɗaya

Haɗeja,
ranar Laraba da hantsi.

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa, irin wadda ban saba yi miki ba, ina fatan wannan takarda ta same ki kin sauka lafiya, kin huce gajiyar mota, kin kuma sami ɗaki mai ƙofa da sakata. Allah Ya tsare ki a kan tsaunin Mambilan nan da kika zaɓa wa kanki. Ya tsare ki daga sharrin hanya, da na mutum, da na sanyi. Ya sa hannunki ya zama sanadin sauƙi ga duk majinyacin da kika taɓa. Amin.

Na san yadda za a yi. Za ki buɗe akwati, ki kwashe kayanki, ki tarar da wani jibgegen abu a ƙasa wanda ba ke kika sa ba, ki ce, "Wannan kuma wane irin tarkace Yaya ta cusa mini?" Bargo ne. Ni na ɗinka shi da hannuna, da ƙyallaye, kuma shi ne na farko da na taɓa yi. Ya karkace, na sani. Ki ajiye dariyar tukuna, ki zauna ki karanta, don takardar da tsawo, kuma ba na jin zan sake rubuta wata.

Ba labarin gida zan ba ki ba, ba ki daɗe da barinsa ba. Abu biyu ne suka sa ni ɗaukar biro. Na farko idona. Na hagu ya mutu tun bara. Na dama yana bin sa a hankali. Yanzu kamar mai leƙe ta kafar makulli nake gani: abin da ke gabana sosai shi kaɗai, gefe da gefe duhu. Likita ya ce ruwan cikin idon ne ya hau ya cinye jijiya, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin sunan ciwon. Shi ya sa nake rubutu da hantsi a tsakar gida, sai rana ta buɗe sosai nake ganin layi. Ba wanda ya sani sai Malama Rahila maƙwabciyarmu, ita ta raka ni asibiti.

Na biyu, maganar da kika yi ran da takardar aikinki ta zo, wata uku ke nan. Ƙanwarki Ummi ta ce, "Umma, ai sai ki saƙa wa Anti rigar sanyi, an ce can har hayaƙi ke fita a bakin mutum." Kika yi dariyar nan taki ta hanci, kika ce, "Bar ta, Ummi. Duk unguwar nan ba jaririn da bai sa hular Yaya ba sai ni. Ni ai 'yar Iya ce." Sannan kika ce in kin tafi kada a sa ran ganinki kafin shekara biyu, hanya da nisa. Ina zaune ina tsince shinkafa, ban ɗago ba. Kin zaci ban ji ba. Na ji, wallahi na ji, har yau maganar na nan a ƙirjina. Za ki tafi kina ganin ba na son ki, ni kuma nan da shekara biyu ba ni da idon da zan gan ki. Wannan ne ya hana ni sukuni.

To bari in kwance miki kwallar nan tawa mai murfi, wadda take ƙarƙashin gado tun kina ƙarama, wadda na hana kowa taɓawa. Ba zinare a ciki. Saƙe-saƙen da ban ƙarasa ba ne, kuma kowanne da laifin da na yi a kansa.

Na farko safa ce ƙafa ɗaya, ruwan ɗorawa. Ina da cikinki wata bakwai Malama Rahila ta koya mini saƙa. Lokacin ba ta daɗe da zuwa daga Kudancin Kaduna ba, sabuwar malamar firamare, ta kama haya jikin gidanmu. Ta leƙo ta katanga ta gan ni zaune hannu biyu a kan ciki, ta ce, "Amarya, wannan zaman ba zai yi ba, zo ki riƙe tsinke." Na zaɓi ulu ruwan ɗorawa don ban san mace ce ko namiji ba. Na gama ƙafa ɗaya, 'yar mitsitsiya, babban yatsana ne kawai ke shiga. Na fara ta biyu, sai aka zo aka tafi da ni Kirikasamma goyon ciki, gidan Iya mahaifiyata.

Can Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ta buɗe jakata tana neman sabulu, ta ci karo da ita. Ta fito tsakar gida ta ɗaga ta sama da yatsa biyu, ta ce, "Jama'a ku zo ku ga rashin ta ido! Ɗan fari, tun bai zo duniya ba ana yi masa takalmi!" Mata suka sa shewa. Iya ba ta yi dariya ba. Da muka shiga ɗaki ta ce, "Mu ba haka muke ba. Ɗan fari ba naki ba ne, na dangi ne. Ba ki kallonsa, ba ki kiran sunansa, ba ki ɗaukarsa a gaban mutane." A ranar na zare tsinken daga ƙafa ta biyu na warware ta.

Da aka haife ki na yi duk abin da aka ce, har na ƙara da nawa. Sai an riƙe ni ake sa miki nono a baki, ina kau da kai. Amma akwai abin da ba wanda ya sani. Kina da kwana goma, kowa ya fita, na ciro safar na sa miki. Ta zauna ɗas, kamar an gwada. Ina kallonta sai na ji motsin takalmi a bakin ƙofa, na fizge ta da ƙarfi har kika tsala ihu. Sau ɗayan nan ne kika taɓa sa abin da hannuna ya saƙa, kuma ko minti ɗaya bai kai ba. Da aka yaye ki Iya ta ɗauke ki, kika zauna a wurinta shekara tara, kika tashi kina kiranta uwa, ni kina kirana Yaya.

Ban zagi Iya ba, Allah Ya ji ƙanta, abin da ta tarar ta koya mini. Amma zan gaya miki gaskiyar da ta fi wannan ɗaci. Mata da yawa sun riƙe al'adar nan, kuma 'ya'yansu na fari ba su taɓa shakkar ana son su ba. Wata ta tura tsokar nama ƙarƙashin tuwo, wata ta shafa kai in ba kowa. Ni na wuce gona da iri ne don ina son yabo. In mata suka ce, "Kai, wance akwai kara, ko kallon 'yar ba ta yi," sai in ji kaina ya yi girma. Da ke na sayi wannan yabon. Don haka ki riƙe wannan: ban ce ki zubar da kunya ba, mace marar kunya abin gudu ce. Amma duk lokacin da kika ga kina kawaici, ki tambayi kanki wa yake shan wahalarsa. In ke ce, ki daure. In wani ƙaramin da ba a yi shawara da shi ba ne, ki ajiye kawaicin nan, ko da garin duka zai yi miki shewa.

Na biyu rigar sanyi ce koriya. Wannan ita ce ta fi yi mini nauyi, na daɗe ina juya biro kafin in fara ta.

Iya ta rasu kina shekara goma sha ɗaya, aka dawo da ke Haɗeja. Wata uku da zuwanki ɗari ya sauko, makaranta ta ce kowa ya zo da koriyar rigar sanyi. Ran nan mata sun cika gidan, ana shirin sunan jaririn wata maƙwabciya, ina zaune ina saƙa wa jaririn hula. Kika zo kika tsaya a gefena, hannu a hammata, kika ce, "Yaya, ni ma a saƙa mini." Kowa a tsakar gidan ya zuba ido ya ga me zan ce. Na ce, "Je ki tambayi uwarki."

Wasa ne da ake yi wa 'ya'yan fari, na sani, kowa ya sani. Amma uwar da nake nufi wata uku ke nan da binne ta. Kalmar na fita na ji abin da na yi. Mata biyu suka yi dariya, sauran suka sunkuyar da kai. Ba ki yi kuka ba. Kika dube ni, kika juya kika shiga ɗaki, washegari kika tafi makaranta da tsohuwar kwat ɗin Babanki har gwiwa. Tun daga ranar ba ki sake roƙona ko allura ba. Tir da wannan baki nawa.

A makon nan na sayo koren ulu. Ban iya kiranki in gwada ki ba, sai na jira kin shanya rigar makarantarki a igiya, na je na auna ta da taƙi. Na saƙa baya, na saƙa gaba, a ɓoye, in kin tafi makaranta. Da ya rage wuya da hannu sai na tsaya. Yo in na gama, ta yaya zan miƙa miki? Me zan ce? Ina cikin wannan tunanin ɗari ya wuce. Da shekara ta zagayo kin ƙara tsawo, na ƙara mata layi, ulun ya ƙare, na sayo wani koren da bai yi daidai da na farko ba. Wata shekarar ma haka. Ina nan ina bin ki a baya da tsinke har kika tafi makarantar kwana. Rigar na nan, kore kala uku, ba wuya ba hannu.

Ki ji ni da kyau. In kin ɓata wa mutum da baki, da baki za ki ba shi haƙuri, kuma a ranar, kafin rana ta faɗi. Kada ki koma ɗaki kina yi masa alheri a ɓoye kina cewa ai Allah Ya ga zuciyata. Allah Ya gani, shi mutumin bai gani ba. Aikinki aikin gajiya ne, wata rana za ki daka wa wata mai naƙuda tsawa, ko wani tsoho da ya zubar da magani. Ki koma bakin gadon ki ce, "Baba, yi haƙuri, na yi kuskure." Kalma shida ce. Ni na kasa faɗin irinta, na ɓata shekara goma sha uku ina saƙa abin da ba ya magana.

Na uku rigar sanyin Babanki ce, ruwan ƙasa, mai kauri. Ya roƙe ni ita don fitar sassafe zuwa fadama a kan babur, lokacin aikin shinkafar rani. Wannan kam ba kunya ce ta hana ni ba, iyayi ne. Na gama jiki, na gama hannu ɗaya, ɗaya hannun ya ƙi zama yadda nake so a kafaɗa. Na warware shi ya fi sau biyar. Yakan ce, "Ke dai ba ni ita haka nan, ƙirjin ne ke jin sanyi, ba hannu ba." In ce, "Haba Malam, a gan ka a gari da riga hannu ɗaya, a ce matarka ce mai saƙar?" Ya yi dariya ya kaɗa kai. Shekara shida muna wannan. Shi ne kuma ya taɓa ce mini, yana nufin ke, "Wannan kawaicin naki ya fara yawa, yarinyar nan fa mutum ce." Na ce ya bar maganar mata ga mata.

Sai shekarar da kogi ya yi mana ambaliya. Kin tuna, kina gida hutu daga makarantar jinya. Maza suka yi kwanaki a cikin ruwa suna jera buhunan ƙasa a kan jinga, Babanki a cikinsu, ba ya dawowa sai ya ci abinci a tsaye ya koma. Duk da haka jingar ta karye. Da rana tsaka ruwa ya shigo unguwa, muka fita muka nufi makarantar firamare da ke kan tudu, ruwa har ƙugu. Ke kika ɗauko rabin buhun shinkafa a ka, kika riƙe hannun Ummi. Kika waiwayo kika gan ni da kwalla, kika ce, "Haba Yaya! Kin bar tukwane, kin bar takardunmu, kin ɗauko kwallar tsumma?" Na ce, "Ina ruwanki?" Rabin abin da ke cikin kwallar nan naki ne, na kasa gaya miki. A hanya santsi ya kwashe ni, ruwa ya shiga ciki, har yau ulun da launin laka.

A ajin nan da muka fake Babanki ya kwanta. Tari, zazzaɓi, ciwon haƙarƙari. Ke kika yi ta fama da shi, kika nemo kwalekwalen da ya kai shi asibiti, ba zan manta ba. Amma kafin nan, wata safiya kin fita neman magani, yana rawar ɗari har haƙoransa na haɗuwa, duk mayafanmu a jiƙe. Na ciro rigar da na shanya a tagar ajin, na lulluɓa masa a ƙirji, da tsinken da komai a jikinta. Ya buɗe ido ya shafa ta, ya ce, "Ashe dai zan sa ta." Kwana huɗu bayan nan ya rasu.

Ba na cewa riga tana tare ajali, astagfirullah. Kwanansa ne ya ƙare. Amma shekara shida yana fita cikin ɗari da 'yar shara, abin da zai ɗumama shi yana ƙarƙashin gadona, don kada a ce ban iya ba. Wannan kam ni na yi, ba ƙaddara ba. Saboda haka abin da yake hannunki ki bayar yau, a yadda yake. Gaisuwa ce, ziyara ce, abinci ne da gishiri bai ji ba, ki miƙa. Wanda yake jin sanyi ba ya duba kafaɗa.

Akwai wasu a kwallar, huluna da ba tuntu, shawul rabi, wata 'yar rigar jariri da mai ita ya koma tun ban kai ga maɓalli ba. Ba zan bi su ɗaya-ɗaya ba, idon ya fara ruwa.

Maganar idon ma laifina ce. Na fi shekara biyu ina jin gefen ganina yana tsukewa. Na ce gajiya ce, na ce hayaƙin murhu ne, na sa kwalli. Kin taɓa ce mini, "Yaya, me ya sami idonki kike karo da ƙofa?" Na ce ƙofar ce kafinta ya sa a karkace. Kika bar maganar, don kin saba ba a jan magana da ni. Kin san abin da ya hana ni faɗa? In na faɗa sai kin riƙe fuskata kin leƙa cikin idona, ni kuma sai na dubi naki. Wannan na kasa. Ga ma'aikaciyar jinya a ɗakina, na zauna ina makancewa don kunya. Likita ya ce da na zo da wuri, maganin ɗigawa zai riƙe abin da yawa. Yanzu ina ɗigawa, ragowar ake lallaɓawa.

Abu biyu nake so daga gare ki a nan. Likita ya ce ciwon yana bin jini, don haka ki je a auna idonki, ki riƙa komawa, ki kuma sa Ummi ta je. Sannan in mace irina ta zo gabanki ta ce lafiya lau, kada ki karɓi amsar farko. Mu da yawa haka muke, sai an matsa. Ki ja kujera ki zauna, ki sake tambaya.

Yanzu bargon. Washegarin maganar nan taki na ɗauki kwalla na zagaya gidan Malama Rahila. Kin san ta yi ritaya, tana gida kullum. Na ce mata zan ƙarasa koriyar rigar, in ƙara mata faɗi, ko da wata uku zan yi. Na riƙe tsinke, ashe an wuce wurin. Ba na ganin zaren. In na kama ɗaya biyu su zube, kafin azahar na yi ɓarnar da ta fi aikin. Na ajiye na fashe da kuka, ni da ban yi kuka a gaban mutum ba ko ran da aka fita da Babanki.

Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ce, "Saƙa kam ta ƙare miki, kada mu yaudari juna. Amma akwai ɗinkin da yatsa ke gani. Can garinmu mahaifiyata takan haɗa ƙyallaye ta yi mana abin rufa saboda sanyin dutse. Me kike da shi na yarinyar?" Na kife kwallar a tabarma. A can ƙasa akwai wani ƙunshi. Duk rigar da ta yi miki kaɗan, kafin a bayar da ita, nakan yanki kamar tafin hannu daga ciki in ɓoye. Zanen da Iya ta goya ki da shi, shuɗiyar rigar firamare, atamfar sallar da kika faɗa kwata da ita, hijabin makarantar kwana, har farar rigarki ta jinya da ta ƙone a guga. Malama ta bi su da kallo, ta dube ni, ta ce, "Ke muguwa ce, Allah kuwa. Shekara ashirin da huɗu kina satar yarinya ƙyalle-ƙyalle, kin kasa ce mata sannu?" Ban musa ba.

Haka na zama 'yar koyo da furfura. Ta yanko mini kwali mai kusurwa huɗu, in ɗora a kan ƙyalle in bi gefensa da almakashi. Ranar farko na yanke su cif da kwalin, ban bar wurin ɗinki ba, layin farko ya fito guntu kamar ɗankwali. Ƙyallayenki ba su isa bargo ba, sai na cika da zannuwana. Na sa wata jar atamfa sabuwa ban wanke ta ba, da muka yayyafa ruwa don guga ta zuba a kan farar rigarki ta jinya. Za ki ga wurin, ya yi ja-ja, ba jini ba ne. Jinin yana wasu wuraren, ɗigo-ɗigo, inda allura ta sami yatsa. Kusurwoyin kuwa ba guda biyu da suka haɗu yadda ya kamata.

Da na shafa na ji sun goce, tsohon halin ya motsa. Na ce a ba ni reza in farke in sake. Malama ta kwashe reza da almakashi ta kulle a durowa, ta sa makullin a bakin zaninta. Ta ce, "A gidan nan ba a warwara. Kin warware na shekara ashirin, ya isa. Gaba za ki yi." Na yi fushi, na kwana biyu ban je ba. Ran na uku ta aiko a ce mini allurai na jirana. Don kullum da safe takan zura zare a allura goma, ta soke su a jikin sabulu ta ajiye mini, tunda ni ba na ganin kafar. In goman suka ƙare, aikin ranar ya ƙare. Kina fita asibitin da kike taimakawa nake zagayawa gidanta, kafin ki dawo na dawo na hura wuta.

In kin isa can ki nemi maƙwabciya irin wannan. Kada ki tsaya tambayar daga ina ta fito ko ina take ibada. Ki duba wadda za ta iya ƙwace reza daga hannunki ta gaya miki ke muguwa ce, sannan ta zura miki zare. In kin same ta ki riƙe ta, kada ki yi mata irin zaman da na yi miki.

Da fuskar bargon ta haɗu, sai maganar abin da za a shimfiɗa a ciki don ɗumi. Na ce zan ba da tsohon bargona. Malama ta ce, "Ga ulu cike da kwalla kina neman bargo?" Muka zare tsinkayen, muka ɗaure bakin zaren, muka shimfiɗa su duka a tsakanin fuska da bayan, na bi na soke su da manyan ɗinki. Shi ya sa za ki ji shi da nauyi, da tudu-tudu. Rigar Babanki tana sama, inda zai sauka a ƙirjinki. Koriyar taki tana tsakiya. Safar tana kusurwar da na yi wa alama da baƙin zare, in kin matsa da yatsa za ki ji ta. Kada ki jiƙa shi ya kwana a ruwa, ki wanke da ruwan sanyi ki shanya a inuwa. In ya yi warin laka da damina, haƙuri za ki yi, kogin garinku ne.

Ran Litinin na kalmasa bakin ƙarshe na ƙulle zaren. Shi ne abu na farko da na taɓa gamawa da sunanki, kuma ina jin shi ne na ƙarshe da zan gama da idona. Kin san Malama ita kaɗai ce a garin nan take kirana Maman wance da sunanki, ba da na Ummi ba, kuma shekara ashirin da huɗu ban taɓa amsawa ba, sai in yi kamar ban ji ba. Ran Litinin ɗin da yamma ta kira ta katanga, na ce, "Na'am." Can sai na ji tana fyace hanci.

Jiya na gwada da ke. Kina bakin famfo kina wanke takalmanki na tafiya, kin ba ni baya. Na buɗe baki zan kira ki, na shirya sunan a kan harshe, abin da ya fito shi ne, "Ke, ki rage ɓarnar ruwa." Kika ce, "To, Yaya." Na koma ɗaki na zauna a bakin gado. Shi ya sa na ce bari in rubuta, tunda hannun ya fi bakin ƙarfin hali.

Ban ce ki bar aikinki ba. Kin sha wahala kafin ki same shi, kuma can ma bayin Allah ne suke jiran hannunki. Ban kuma ce dole ki yafe ba, ban da bakin cewa haka. Ko kin yafe ko ba ki yafe ba ki rufa da bargon, sanyi ba ruwansa da abin da ke tsakaninmu. Roƙo ɗaya nake yi: kada ki kai shekara biyun nan. Likita ya ƙi faɗa mini saura nawa, amma ina aunawa da kaina. Bara daga inda nake zaune ina ganin ƙofar zaure gaba ɗayanta. Yau sakatar kawai nake gani.

Na san ƙeyarki. Na san tafiyarki, na san tarinki a cikin na mutum goma, na san faɗin kafaɗarki da taƙi tun kina shekara goma sha ɗaya. Fuskarki ce ban sani ba. Ban taɓa tsayawa na dube ta sosai ba, sai dai sata, in kin juya ko kina barcin rana. Mutane na cewa kina kama da ni, ban da hujjar cewa e ko a'a. Hutun farko da aka ba ki ki zo, ki zauna a gabana a tsakar gidan nan da hantsi, ki bar ni in dube ki har in ƙoshi, kowa ma ya taru ya gani. In kuma kin zo kin tarar hasken ya riga ya tafi, to ki yi haƙuri ki matso kusa, ki bar ni in duba da hannu.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki ci abinci mai zafi kafin ki fita aiki. Ki yi wa Babanki da Iya addu'a, ni ma ki sa ni a ciki in kin samu wuri.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya raba ki da hali irin nawa, Ya ba ki 'ya'yan da za ki kira sunansu tun ran farko. Ya dawo mini da ke ina gani. Allah Ya yi miki albarka, Sa'adatu.

Ga shi na rubuta, kuma ƙasa ba ta tsage ba. Sa'adatu. 'Yata.

Wassalam.

Ni ce wadda kike kira Yaya,
uwarki.